Fulawar da na rataya a baranda duk ta ƙone, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Baba mai lambu. Ni a Marwa nake, unguwar Domayo. Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne ga awakin maƙwabta kullum suna ciki, shi yasa na ce bari in rataya fulawa a baranda irin yadda nake gani a hotunan Facebook. Na sayi kwanduna uku na waya a watan biyu, na kashe wajen jaka tara har da kuɗin fulawar, kullum da safe ina ba su ruwa amma ko wata guda ba su yi ba suka bushe ƙurmus. Maigidana har dariya yake min. Don Allah wace fulawa ce take jure garinmu, kuma ya ake shuka ta a kwando?"

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya mayar da alheri, kuma ki ce wa maigidan ya rage dariyar don ba ke kika fara ba, ni kaina da nake wannan aikin jardinye, wato aikin lambu, a Garwa shekara da shekaru sai da na binne kwanduna da dama kafin na gane kan abin. In na fahimce ki abu biyu kike tambaya, wace fulawa za ki zaɓa da kuma yadda za ki dasa ta, amma akwai na uku da baki tambaya ba wanda shi ne ma ya kashe miki su, wato shi kwandon kansa da wurin da kika rataye shi da watan da kika fara. Da shi zan fara.

Hotunan nan da kike gani mafi yawansu na Ingila ne da Faransa da ire-irensu, inda zafin bazararsu bai kai na Marwa a watan huɗu ba. Abin da suke cusawa a ciki, su fuksiya da lobeliya da begoniya, tsirrai ne na inuwa da iska mai laima, fuksiya dai da zafi ya haura digiri 30 take fara zubar da fure. Mu kuwa daga watan uku zuwa na biyar ma'auni yana haura 40 a Garwa da Marwa da Njamena, iskar kuma babu ko ɗigon laima a cikinta. Toh ki duba shi kwandon waya, ƙasa ce 'yar kaɗan a nannaɗe cikin ɓawon kwakwa ko soso, iska na bugunta ta sama ta ƙasa ta ko'ina. Kin san dalilin da ruwan randa yake sanyi ai, jikinta ne yake tsatsafo da ruwa iska na kwashewa. Haka kwandonki yake, sai dai ita randa lita ashirin ce ko fiye, shi ko lita biyu bai riƙe ba. Ruwan da kika zuba ƙarfe bakwai na safe kafin azahar ya tafi. In kuma rufin barandar kwano ne kika rataye su daf da shi, toh gashi kawai kika yi musu, ki ɗaga hannu ki kusanta shi da kwanon da ƙarfe biyu na rana za ki ji abin da suka ji.

Sai lokaci. Watan biyu shi ne mafi munin lokacin fara wannan abu a wajenmu, hunturu na ƙarewa da ƙurarsa zafi na shigowa, tsiro bai kama ƙasa ba an jefa shi wuta. Ni lokaci biyu nake dasa kwandon rataya, ko farkon damina wajen watan shida in ruwa ya zauna, ko ƙarshenta wajen watan goma, ta yadda saiwa za ta cika kwandon cikin sanyi kafin watan uku ya zo.

Mazubi

Mu ai rataya ba baƙonmu ba ne, kakanninmu da ragaya suke rataye ƙwaryar nono da tukunyar miya saboda kyanwa da ɓera, ke kuma saboda awaki. Abin da zan ce ki yi shi ne ki koma wa ragayar nan, ki sa mata mazubi mai jiki a rufe. Bokitin fenti da aka wanke sosai, ƙasan bido, wato jarka, mai lita ashirin da aka yanke, tsohuwar robar wanki mai kauri, duk sun fi kwandon waya a ƙasarmu. Faɗin baki kar ya gaza santimita 30, zurfi kamar 20 zuwa sama, don yawan ƙasa shi ne yawan ruwan da za ta ajiye. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa, in ita kika samu ki shafa mata farin fenti ko ki zura ta cikin kwandon kaba, kin ga an samu kyau an samu inuwa. Kwandon kaba shi kaɗai kam damina ɗaya yake yi ya ruɓe, riga kawai nake ɗaukarsa. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa ƙwarai amma nauyi gare ta kuma tana shan ruwa, sai mai katako mai ƙarfi a rufi.

Kwandunanki uku kar ki zubar. Ki shimfiɗa buhu a ciki, ki bi shi da leda mai kauri, ki huda ledar wuri huɗu ko biyar, shikenan sun zama rufaffu.

Maganar huji akwai dabara ɗaya da na daɗe ina yi. Maimakon in huda gindin bokitin sai in huda gefe, kamar yatsa biyu daga ƙasa, in zagaye shi da huji shida da ƙusa mai zafi. Can ƙasan sai in zuba gutsattsarin gawayi. Ruwa kaɗan yana kwanciya a wurin ƙarƙashin ƙasa, tsiron na ja a hankali da rana, kuma tunda a rufe yake sauro ba ya samun wurin yin ƙwai. Faranti da wasu ke ɗaurawa ƙarƙashin kwando don tare ruwa shi ne bana so, gidan sauro ne kawai a bakin ƙofar ɗaki. Da damina in kwandon yana inda ruwan sama ke dukansa sai ki ƙara huji biyu a gindin, in ba haka ba saiwa ta ruɓe.

Igiya kuma ki kula. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, bokiti cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana iya kaiwa kilo goma. Wata shekara na rataye wani da igiyar nailan shuɗiya irin ta shanya, tana nan kamar lafiya lau ashe rana ta cinye ta, ranar da hadarin farko ya taso da iskar nan mai jan ƙura sai ji na yi tim, ya faɗo kan randar uwargida ya raba ta biyu, minti kaɗan kafin nan jikata tana zaune a wurin tana cin gyaɗa. Tun ranar sarƙa nake sawa ko waya mai kauri, ƙugiya kuma mai walda ke lanƙwasa min da rodi, a jikin katakon rufi ba a silin ba. Kuma ko da sarƙa, in na ga gabas ta yi baƙi sauke su nake yi ƙasa.

Ƙasar da za ki zuba

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Ƙasar tsakar gida ko baƙar ƙasar karal irin wadda ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a cikinta wajenku, a gona albarka ce amma a bokiti in ta jiƙe ta zama kamar tuwo in ta bushe ta zama bulo ta tsage. Yashin mayo, wato na kogi, zalla kuma ruwa wucewa kawai yake. Haɗin da nake yi, kwano biyu na ƙasa mai laushi irin ta gindin bishiya inda ganye ya ruɓe, kwano ɗaya na taki da ya ruɓe sarai, kwano ɗaya na buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa da aka daka ya kwana biyu a jiƙe, sai tafi ɗaya na garin gawayi. Ku da kuke kusa da Yagwa da Maga buntun shinkafa ba zai muku wuya ba, in an babbaka shi ya yi baƙi bai zama toka ba ya fi kyau, ga rashin nauyi ga riƙe laima. Takin kuma na shanu ko na awaki wanda ya shekara, ya yi baƙi yana marmashewa ba wari. Ɗanyen kashin kaji kar ki kuskura, ƙone saiwa yake cikin kwana biyu. In kin gama haɗawa ki yayyafa ruwa ki dunƙula a hannu, in ya dunƙule kika taɓa da yatsa ya warware toh ya yi, in ya tsaya kamar ƙwallon yumɓu ki ƙara buntu.

Wace fulawa

In barandarki na samun rana sosai, ta farko da zan ce ki nema ita ce fortulaka, masu sayar da dashe a bakin hanya da "purpiye" suka fi saninta. 'Yar'uwar fasa-ƙaba ce da ke fitowa a gonaki, asalinta Kudancin Amurka, ganyenta masu kauri ne suna ajiye ruwa, tana zubowa ta gefen kwando, furenta ja da ruwan ɗorawa da fari da ruwan hoda. Halinta ɗaya, sai rana ta ɗaga take buɗewa da yamma ta rufe, a inuwa kuwa ba za ta yi miki fure ba sam. Ba sai kin saya da yawa ba, reshe kamar tsawon yatsa in kika tsinka kika soka a ƙasa mai laima cikin mako guda ya kama. A ganina duk mai fara kwandon rataya daga Garwa har Kusiri da ita ya kamata ya fara, kuma na san wasu na raina ta wai fulawar talaka ce, su dai suka sani.

Ta biyu ferbansh, wato binka, wadda ake gani a harabar asibitoci da makarantu da fure fari ko ruwan hoda mai ganye biyar. Daga Madagaska ta fito, zafi baya damunta, kusan duk shekara tana fure. Abin da ke kashe ta yawan ruwa ne da damina. Kuma ki sani tana da dafi in an ci, daga jikinta ake ciro wasu magungunan sankara, don haka ba abin wasan yara ba ce kuma ba abin dafawa a sha ba. A tsakiyar kwando nake sa ta don ita tsayuwa take, purpiye kuma a zagaye.

In kuma inuwa ta fi yawa, toh ki haƙura da fure ki nemi ganye mai kyau. Akwai wadda ake ce wa "mizer", mai ganye ruwan makuba ko mai zane kamar azurfa, tana zubowa har kamu uku kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa saiwa take yi. Akwai fotos mai ganye kamar zuciya da ake sawa a kwalba cikin falo, shi ma yana kyau a rataye amma rana kai tsaye na ƙone shi, kuma yaro in ya tauna bakinsa zai yi zafi. Sai abin da mutane ke dariya in na faɗa, dankali. Yaɗon dankalin Hausa na gona, ki yanko reshe uku ki soka, cikin wata ɗaya ya lulluɓe bokitin ya sauko kore shar, sai dai shi mashayin ruwa ne. Na'a-na'a ma haka, inda rana ke taɓawa da safe kawai, kin samu ado kin samu na shayi.

Fetuniya ita ce a cikin na hotunan da za ki iya gwadawa, amma fulawar sanyi ce a wajenmu, ki dasa watan goma ko sha ɗaya ki more ta zuwa watan biyu, zafi na shigowa ki yi mata sallama kar ki ce laifinki ne. 'Yan Ngaundere su kam suna kan tudu sama da mita 1,000, ruwansu ya fi namu sanyinsu ya fi namu, abubuwa da yawa da ke mutuwa a hannunmu suna yi musu, shi yasa in an kawo dashe daga can ko daga kudu yana sheƙi a kasuwa kar kyan ya ruɗe ki. Ki tambayi mai sayarwa a ina aka raine shi. Wanda ya taso a Marwa ya riga ya san Marwa.

Wajen dasawa da yamma ake yi bayan la'asar. Bokiti mai faɗin santimita 30 tsiro huɗu ko biyar sun isa, na gefe ki ɗan karkatar da su waje. Ki bar kamar yatsa biyu tsakanin ƙasa da bakin bokitin don ruwa ya samu wurin tsayawa, ki rufe saman da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa. Kada ki rataye ranar, ki ajiye a ƙasa cikin inuwa inda akuya ba ta kaiwa kwana biyar zuwa mako, sai ya miƙe tukuna. Kuma kar ki haɗa mai son ruwa da mai gudun ruwa a mazubi ɗaya, dankali da purpiye in suka zauna tare dole a zalunci ɗaya.

Wurin ratayewa gabas ya fi, rana ta same shi daga fitowarta zuwa wajen sha ɗaya sai inuwa. Yamma ita ce makashiya, ranar ƙarfe uku da bangon siminti da ya gasu. Ki sauko da shi aƙalla kamu biyu daga kwano, daidai inda hannunki zai kai ba sai kin taka kujera ba, don wallahi duk kwandon da sai an hau kujera kafin a ba shi ruwa wata rana za a ce sai anjima.

Ruwa

Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kwandon rataya ba ya yafe mantuwa. Da sanyi sau ɗaya a rana ya isa, purpiye ma har kwana biyu. Daga watan uku zuwa saukar ruwa sau biyu ne, bayan asuba da kuma gab da magariba. Kar ki bi agogo kawai, ki soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu, ko ki tallabi gindin bokitin da tafin hannu ki ɗan ɗaga, cikin mako guda hannunki zai gane nauyin mai ƙishi da na wanda ya ƙoshi. In za ki zuba ki zuba a hankali har sai ya ɗigo ta huji, yayyafi a sama yaudarar kai ne.

Ga wani abu da nake zargin shi ya faru da naki. Ƙasa in ta bushe ƙwarai takan janye daga jikin mazubi ta ƙi shan ruwa, kina zubawa yana bin gefe yana zubowa ƙasa shaaa, ke kina ganin kin ba shi har ya yi yawa alhali tsakiyar ko jiƙewa bata yi ba. Maganinsa ki sauke kwandon ki tsoma shi cikin baho da ruwa kamar rabin awa, za ki ga kumfa na tasowa ɓul-ɓul, in ta daina ya sha. Da bazara duk mako nake yi wa nawa haka ranar Juma'a da safe. Wata dabarar kuma ƙaramar gorar ruwa ta roba, ki huda ta da allura wuri uku ki binne a tsakiya bakinta a waje, ki cika ki rufe sako-sako, tana taimakawa ranar da za ki biki ko famfo ya ɗauke, amma kwana ɗaya zuwa biyu ne iyakarta.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko gero duk suna yi, ni baho nake ajiyewa inda muke alwala. Ruwan omo da na jabel, wato bilic, kar su kusanci wurin. Ruwan da ya wuni a tiyo ko baƙin tanki cikin rana a bari ya huce. In na foraj, wato rijiyar burtsatse, kike amfani da shi kika ga farin abu kamar kanwa na taruwa a saman ƙasa da bakin bokiti, gishiri ne, ki kankare ki yi masa ambaliya da ruwa mai yawa ya wanke ta ƙasa, in damina ce ki fitar da shi ya sha ruwan sama sau biyu.

Yawan ban ruwan nan yana wanke abincin ƙasar, don haka bayan wata ɗaya da rabi sai an ƙara. Ni ruɓaɓɓen taki nake ƙullewa a tsumma in jiƙa a bokiti mako guda, in sirka ruwan har ya koma kalar shayi marar ƙarfi, in ba su duk sati biyu. In takin zamani ne irin 20-10-10 da ake samu a kasuwa, rabin ƙaramin cokali a wata, a gefe nesa da kara, kuma bayan an ba da ruwa. Ki ƙara a kan haka ki samu ganye ba fure, ko ki ƙone shi ɗungurungum. Tsiron da zafi ya galabaitar a watan huɗu ba a ba shi taki, ruwa da inuwa yake nema.

Ki riƙa tsinke kan rassan da farce in sun yi tsawo, kowane kai da kika cire biyu ne za su fito, haka kwando yake cika ya yi dam. Wanda kika tsinke kuma ki soka a wani gwangwanin, iri ne. Da hunturu ƙura na toshe ganye, a wanke shi da yamma sau biyu a mako, wannan wankin ma yana rage jan ƙwaron nan ɗan mitsitsi mai saƙa a bayan ganye. Darɓa da farin ƙwaro mai kama da auduga kuwa, ku da darbejiya ta cika muku tituna, ki daka 'ya'yanta tafi biyu ki jiƙa a lita biyar su kwana, ki tace ki ɗan goga sabulun wanki na sanda a ciki ki fesa bayan rana ta faɗi, ki maimaita bayan mako. Ƙadangare kuma yana son furen purpiye, ta bango yake zuwa, ki nisanta kwandon daga bango kamar kamu biyu.

Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce ko kin bi duk wannan, watan huɗu sai ya taɓa su. Nawa ma suna yin fari-fari su rage fure, wasu shekarun in rasa ɗaya ko biyu. Abin da nake yi in zafi ya kai maƙura sauke su nake in jera a gindin mangwaro kusa da juna har ruwan farko, ke da ba ki da bishiya sai ki nemi kusurwar da ta fi inuwa ki kare da tsohuwar tabarma ko gidan sauro saboda awakin. Kuma ni da Garwa na saba inda Binuwai ke ɗan ba mu laima kuma damina ta fi taku tsawo, don haka a kan duk abin da na faɗa na ruwa ke ki ɗan ƙara, 'yan Njamena su ƙara fiye da ke. Barandarki ma ban gan ta ba, ki tsaya rana ɗaya ki lura ƙarfe nawa rana ke shigarta ƙarfe nawa take fita kafin ki buga ƙusa.

Yanzu dai ki zazzage ƙasar kwandunan nan uku, ki wanke su ki ajiye, ki fara tara taki da buntu a wani buhu kina yayyafa masa ruwa. Ruwa na zama a watan shida ki ɗauki guda ɗaya tak ki cika shi da purpiye, ko saya ba sai kin yi ba, duk gidan da kika gani tana bakin famfonsu ki roƙi reshe biyar. Sauran biyun ki bari sai watan goma, ɗaya mizer ɗaya na'a-na'a, ita na'a-na'ar ki rataye ta daidai inda maigidan yake dafa shayinsa.